Barakatu Milada, Wadda Ta Tsaya Mana a Bakin Ƙofa

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin ranar Talata, goma ga Rabi'us Sani 1432, wadda ta yi daidai da 15 ga Maris 2011, Allah Ya karɓi ran Hajiya Barakatu, matar marigayi Alhaji Gwadabe na unguwar Madain Fahd, a wani asibiti a nan Jidda, bayan jinyar 'yan watanni. Ta rasu tana da shekara hamsin da bakwai, ta bar 'ya'ya biyu, Othman da Lubabatu, da jikoki. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Milada, a garin Brno na ƙasar Cek, inda ta yi tashe a ƙuruciyarta a wasan tanis na bibbiyu.

Hajiya, ba zan ɓoye miki ba: zaman makokinki bai cika ba. Othman ya hayo kujeru kamar yadda ake yi a nan, Lubabatu ta dafa gahawa ta jera dabino, amma kwana ukun nan kujerun sun fi mutanen yawa. Larabawan maƙwabta sun zo, matan Turawan da kika koya wa wasa sun zo. Matanmu na Hausawa kuwa, waɗanda suka kwana a ƙarƙashin rufinki, da yawa sun aiko da uzuri. Wata ciwon ƙafa, wata rashin mota. Na san ƙafafun nan, ranar biki lafiyarsu lau. Abin da ya hana su zuwa zargi ne, zargin da ya bi ki shekara goma sha huɗu, cewa ke ce kika sayar da mu ga masu kame, jami'an da ke kwashe marasa takardar zama. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan faɗi abin da na gani, in kuma faɗi inda sanina ya tsaya.

Ni ce Zubaidatu 'yar Funtuwa, tsohuwar malamar firamare. Na zo umara a 1986, na gama ɗawafi, sai na manta hanyar filin jirgi, kamar yadda dubban 'yan uwana suka manta. Yanzu ina da iƙama, wato takardar izinin zama, a hannun kafili na kirki da ya tsaya mini, shi ya sa bakina ya buɗe. Duk wanda ya san ni ya san ba na saurin yarda. Ko mai dabino ya ce in ɗanɗana, na ƙasan tire nake zaro wa. To, ranar da aka kai ni gidan Alhaji Gwadabe neman ɗaki, na tarar da Baturiya mai koren ido tana tsintar shinkafa tana yi mini barka da zuwa da Hausa, sai na ce a raina akwai lauje cikin naɗi. Me ya raba 'yar ƙasar 'yan gurguzu da garinsu ya kawo ta tsakiyar marasa takarda? Na sa miki ido. Na kalli alwalarki, na shinshina madafinki da tsakar rana a watan azumi. Kin lura, sai wata rana kika miƙo mini buta kina dariya kika ce in duba ko kin wanke diddige.

Labarin wasanki a hankali na tattara shi, yau kaɗan gobe kaɗan, muna gyaran kayan miya. Mahaifinki mai sharar filin tanis ne a Brno, shi ke jan tsintsiya a kan jar ƙasar da ake wasa a kai. A nan kika tashi. Kin ce a wasan mutum ɗai-ɗai ba ki taɓa yin abin kirki ba, don ƙafarki ba ta da gudu, idonki ne mai gudu. Kina shekara goma sha bakwai aka haɗa ki da wata doguwar bahaguwa mai suna Blanka, sai abin ya karɓe ku. A wasan bibbiyu, kamar yadda kika bayyana mini, ɗaya tana baya tana buga ƙwallon farko, ɗaya tana gaba dab da raga. Ke ce ta gaba. Ta gaba tana sa hannu a bayanta ta yi wa abokiyarta alama: in ta dunƙule, ma'ana zan tsaya inda nake, in ta buɗe, ma'ana zan tsallaka, ki rufe gurbina. Kuma ta gaba ba ta waiwaye. Duk abin da ke faruwa a bayanta, a idon abokan karawa take karanta shi. Da haka kuka zaga Ostiriya da Italiya da Jamus, kuka ɗauko kofunan da na gani a saman kabad ɗinki, ɗaya ma kina zuba allura da zare a ciki.

Amma ƙasarku a wancan zamani ƙasa ce da bango ke da kunne. In za ku fita gasa, jami'in da ke raka ku shi ke riƙe fasfo, kuma kowa ya san a cikin 'yan wasan akwai mai kai rahoto, ba a dai san ko wace ce ba. Wata rana a ɗakin otal kika yi wa manyan ƙasarku ba'a, daga ke sai Blanka. Da kuka koma gida aka kira ki wani ofis, aka maimaita miki maganar har da yadda kika kwaikwayi murya. Aka hana ki fita shekara guda. Ko Blanka ce ta kai, ko akwai na'ura a ɗakin, ba ki sani ba. Da aka dawo da ke fita gasa, aka sake haɗa ku. Shekara uku kika ƙara kina tsayawa gaban raga, kin ba da baya ga matar da kike zargi, kuna cin wasa, kuna rungumar juna a gaban jama'a.

A 1980, a wata gasa a Jamus ta Yamma, kuka kai wasan ƙarshe. Da safen ranar kika ɗauki jakarki kamar za ki motsa jiki, kika fita ta ƙofar ma'aikata, ba ki koma ba. Blanka ta tsaya a fili tana jiranki har alƙalin wasa ya ba wa ɗaya ɓangaren nasara. Daga baya kika ji cewa ba a ƙara barinta ta ƙetare iyaka ba, a masana'antar takalmi ta ƙare. In ita ce mai kai rahoto, kin rama. In ba ita ba ce, kin kashe wa marar laifi rayuwa. Wannan lissafin bai taɓa barin ki ba, ko da yake sau biyu kawai kika yi mini maganarsa.

A Hamburg kika haɗu da Alhaji Gwadabe, Bahaushe haihuwar Jidda mai takardun ƙasa, wanda aka tura koyon injin jirgin ruwa. Kika musulunta, kuka yi aure, ya kawo ki gida, mahaifiyarsa ta sa miki Barakatu. Duk wannan na saurara, na gyaɗa kai, amma ban saya ba. Kofi ai ana sayarwa a kasuwa, hoto kuma kowa na iya tsayawa a ɗauke shi. Sai ranar da na raka ki wani gidan Turawa mai katanga a arewacin gari, inda kike koya wa matansu. Kika cire abaya kika tsaya gaban raga. Wata ƙatuwar mata ta narko ƙwallo da dukkan ƙarfinta, amma kafin ya bar hannunta kin riga kin isa inda zai bi, kika ɗan taɓa shi ya faɗi a gindin raga. Haka kika yi ta yi har matar ta fusata ta nemi ruwa. A hanyar dawowa na ce miki na yarda da tanis ɗin, saura sauran.

Alherinki kuwa ba ya buƙatar shaidata. Gidan nan mai hawa uku, ku a sama, mu a ƙasa, kusan dukkanmu ba mai takarda, kuma kin san abin da doka ta tanada wa mai ɓoye irinmu. Lokacin da ɗan Tani mai wankau ya sanƙare da zazzaɓi, uwar tana tsoron asibiti, ke kika saɓa shi a kafaɗa kika tafi. Indo ta haihu a hannunki, a kan tabarmar falonki. In an kama wata a Bab Makka tana tallar lalle ko ƙosai, ke ke haɗa mata ƙullin kaya ki bi ta da shi wurin da ake tsare waɗanda za a mayar gida, wanda muke kira tarhil. Akwai wani curin fulawa na ƙasarku da kike turarawa ki yayyanka, ki ce tuwonku ke nan. Mun ci don kunya, da miyar kuka a kai don a samu ya wuce. Ba ki taɓa ganewa ba, ko kuma kin gane kin ƙyale mu.

A saman rufi, bayan la'asar, kike ɗaura igiyar shanya a madadin raga, ki zana fili da alli, ki tara Lubabatu da 'ya'yanmu mata ki raba su bibbiyu. Katangar rufin doguwa ce, ba mai hangen su. A nan yaran suka koyi alamar hannu, mu ma iyayen da ke zaune muna tsifar kai muka koya ba tare da niyya ba. Ba na jin a lokacin akwai wadda ta yi tunanin wasan yara zai sauko ƙasa ya zama abin da rayuwarmu za ta rataya a kai.

Ga yadda abin ya zama. In motar masu kame ta shigo layi, abin da muke kira hamla, sai ki yafa abaya ki sauko ki tsaya a bakin ƙofa, fuska waje, hannun hagu a baya. Mu muna cikin soro da ƙarƙashin matakala muna kallon hannun. Gidan yana da ƙaramar ƙofa ta baya mai fita lungu, amma gudu ba kullum ne dabara ba, don wani lokaci a lungun suke ajiye mota su jira masu fitowa. Sai ki tare babbansu da gaisuwa da gurgun Larabcinki, ki tambaye shi hanya, ki yi masa ƙorafin shara, duk kina karanta idonsa da inda ya juya ƙafarsa. In kin buɗe hannu, mu fice ta baya. In kin dunƙule, kowa ya ƙame inda yake. Fiye da shekara goma ba ki taɓa kuskure ba. Sai dai waɗanda ke tsallaken titi ba sa ganin hannun. Abin da suke gani shi ne Baturiyar Gwadabe tana hira da dariya da masu kame duk zuwan da suka yi, kuma a kwashi na gidajen maƙwabta a bar nata. Kin hana mu faɗa, don kin ce sirrin da ya shiga baki uku ya isa ofis. Tun daga nan tsegumi ya fara.

A ɗakin farko na ƙasa akwai Malam Ya'u tela da matarsa Hajiya Shatu. Shatu ita ce mai wanke mana gawar mata, ba ta karɓar ko sisi, kuma babu Bahaushiyar da ta rasu a kudancin Jidda ba a neme ta ba. Shi kuwa Malam Ya'u goye aka zo da shi, ta ƙasa, ta hanyar Sudan, iyayen suka rasu ba su yi masa takarda ba. Bai san Najeriya ba ko a mafarki, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Mutum ne mai sanyin hali, kuma a gidan nan babu wanda ya yarda da ke kamarsa. Shi ya ɗinka miki abayar da kike tsayawa da ita, ya rage tsawon hannun hagu don mu riƙa gani sosai.

A ƙarshen 1997 aka tsananta kame. Wata Alhamis da hantsi, Shatu ta tafi wankan wata gawa, motoci suka shigo layinmu. Kika sauko kika tsaya. Babbansu a ranar wani dattijo ne da ba mu saba gani ba. Ya gaishe ki da ladabi, ya nemi ruwan sha, idonsa duk yana kan gidan da ke kallon namu, ƙafarsa ma can ta nufa. Ina bayanki, tsakanina da ke bai fi tsawon tabarma ba. Na ga hannunki ya dunƙule. Ni dai halina halina ne. Ladabin mutumin nan ya yi mini yawa, jikina bai ba ni ba, sai na sulale na nufi ƙofar baya. Malam Ya'u ya kama gefen mayafina ya ce a hankali, "Ya ukhti, ina za ki? Hajiya ta ce a zauna. Halas, a zauna." Na fizge na fita. Lungun fayau, ko kyanwa babu. Da kowa ya bi ni, da kowa ya tsira. Ina cikin shagon wani Bayamane ina leƙe aka fito da su a jere, maza da mata, Malam Ya'u na gaba da tef ɗin awo a wuyansa.

An sa shi a jirgi, aka sauke shi a Kano, garin da bai san kowa ba. Bai rufa shekara ba ya rasu, a rumfar wani tela da ya ji tausayinsa ya ba shi wurin kwana. Labarin ma sai bayan an daɗe da binne shi ya iso. Shatu, wadda ta wanke matan mutane ba adadi, mijinta baƙi ne suka wanke shi, kabarinsa kuma ba ta san inda yake ba.

Daga nan unguwa ta kama da wutar zato. Aka ce me ya sa ba a ɗaure Alhaji Gwadabe ba, alhali a gidansa aka kwashi mutane? An ce wani ɗan uwansa ne ya shiga ya fita. Wataƙila. Aka ce me ya sa dattijon ya san ba sai ya tsare lungu ba, kamar an gaya masa mutanen gidan nan umarnin hannu suke jira? Wannan tambaya ni ma ta hana ni barci. Wani ya san sirrin, ya kai shi. Akwai wanda ya bar gidan ana sauran 'yan kwanaki, ba a jima ba muka gan shi da iƙama sabuwa fil da shago a Bagdadiyya. Ba zan kama suna ba, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma na ga ya zo gaisuwarki ya fi kowa share hawaye. Ni kaina ban tsira ba, aka ce yaya aka yi Zubaidatu kaɗai ta san ta gudu? Amma kaso mafi girma a kanki ya faɗa. Shatu ta kwashe kayanta ta bar gidan. Kin je mata ta'aziyyar Malam Ya'u, ta rufe ƙofa kina tsaye.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shirunki. Ba ki taɓa kare kanki ba. Bayan rasuwar Alhaji Gwadabe na tsare ki na ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, me ya faru ranar nan?" Kika ce, "Na karanta idonsa, Zubaidatu. Ya fi ni iya wasa. Ya kalli can, ya buga nan." Na ce to ki fito ki faɗa mana. Kika ce a wasanku in ƙwallo ya wuce ta gefen ta gaba, ba ta juyowa ta yi wa ta baya bayani, nata ne kawai. Na ce wannan ba fili ba ne, mutuncinki ne. Sai kika ba ni labarin cewa bayan faɗuwar gwamnatin gurguzu an ba kowa dama ya je ya ga wanda ya riƙa kai rahotonsa, kika je har Brno, kika isa bakin ofishin, kika juyo. Kin ce in kika tarar ba Blanka ba ce, ba ki san inda za ki sa kanki ba. Kin nemi ganinta, ta aiko cewa ba ta gida. "Na zargi mutum ban ba ta damar magana ba," kika ce. "Bari in ɗanɗana."

Na yarda da ke? Mutane za su so in ce ɗari bisa ɗari. Ni ban iya wannan ba, ko a kan uwar da ta haife ni. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne lokacin da suka ture ki suka shiga, na ga kin buɗe hannun nan a makare, kina ta buɗewa kina rufewa bayan ba sauran amfani. Na ga kin bi motar da gudu ba takalmi. Ban taɓa ganin mai cin amana ya yi haka ba. Abin da ke cikin zuciya kuwa Mai zuciya ne Ya san shi.

Da ciwo ya ci ƙarfinki, kika kira Lubabatu kika bar wasiyya ɗaya: Shatu ce za ta wanke ki. Da na ji sai da na yi tsaki. Na ce wace irin dabara ce kuma wannan, mutum ya miƙa gawarsa ga wadda ta fi kowa ƙinsa? Ranar da kika cika, ni aka aika. Na sami Shatu a ɗan ɗakinta, ta tsufa, gwiwa ta ƙi. Na faɗa mata. Har na fara neman takalmina. Sai ta ce, "Ita ta ce, ko ku kuka ce?" Na ce ita ta ce. Ta jawo jakarta ta magarya da kafur ta ce, "Yalla, mu je. Gawa ba ta jira."

Ni na zuba ruwa, Lubabatu tana juya ki. Abin da mai wanka ta gani a jikin mamaci amana ce, ba zan taɓa shi ba. Hannun Shatu kawai zan ba da labari. Na yi tsammanin gaggawa, ko riƙon da ba tausayi, na kuma sa ido don in kama ta. Ban kama komai ba. Ta yi miki alwala a natse, ta fara da dama, ta warware gashinki ta kitse shi gida uku kamar na 'yarta. Ta wanke ki sau uku, na ajiye moɗa. Ta ce in ƙaro ruwa. Ta cika biyar, na sake ajiyewa. Ta ce in ƙaro. Sai da ta kai bakwai, iyakar abin da aka saba, alhali tun na ukun babu abin da ya rage. Ba ta yi kuka ba, ambaton Allah kawai take yi.

A waje, tana ɗaure jakarta, na ce, "Yaya Shatu, kin yafe mata?" Ta dube ni ta ce, "Wanka haƙƙinta ne a kaina, na sauke. Na yi ta zuba ruwa ina jira in ji zuciyata ta sake ta, wallahi ina so ta sake, ba ta sake ba. Kada ki ƙara tambayata, Zubaidatu." Ta ƙi shiga motar Othman, ta tari tasi ta tafi. Ba ta zo zaman makoki ba. Ban ga laifinta ba, ita ce aka yi wa rashin, kuma ita kaɗai ce a cikin masu zarginki ba ta fake da ciwon ƙafa ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Barakatu ta zo maKa, baƙuwa daga nesa, wadda ta bar ƙasarta da danginta ta mutu a kan kalmar shahada. Ka jiƙanta, Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sanya ciwon da ta sha da zargin da ta haɗiye su zama kaffara. Ka saka mata da alherin kowane dare da marar gata ya kwana lafiya a gidanta. In kuskure ta yi ranar nan, Kai ne Mai gafara. In akwai wanda ya sayar da mu ya bar ta da kayan, Ka san shi, kuma ba Ka mantuwa. Ka jiƙan Alhaji Gwadabe, Ka jiƙan Malam Ya'u a kabarinsa na baƙunta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Othman da Lubabatu da 'ya'yansu, da dangin Alhaji Gwadabe na Jidda da Makka, da duk wanda ya taɓa zama a gidan nan, ko yana nan ko an mayar da shi gida. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa ku riƙe kanku a sama, uwarku ba abar kunya ba ce. Ina miƙa ta ga Blanka a Brno, in tana raye, ko da yake ban san ko za ta karɓa ba.

Ke kuma Yaya Shatu, kin ce kada in ƙara tambaya, ba zan ƙara ba. Na san za a karanta miki wannan. Barakatu ba ta da sauran bakin da za ta roƙe ki, abin da ya rage mata ta riga ta miƙa miki, kin kuma karɓa da hannu biyu. Ni da ke duk mun kusa, kuma ban san wadda za ta zuba wa wata ruwa ba. Ina roƙon Allah Ya kwance miki ƙullin nan tun kina da numfashin da za ki furta, don ita tana can tana jira, kuma wannan karon ba ta da ƙofar baya. Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.